Harsashin da Na Zuba a Filin Wani

Kai mai jar hula, ajiye wayar nan tukuna. Ɗazu na ji kana gaya wa abokinka wai gini ba komai ba ne, ɗora bulo ne bisa bulo, wata uku ya ishe ka ka ƙware ka fara karɓar kwangila. Madalla da kai. Ni sunana Altine, duk Unguwar Rogo Altine Magini ake ce mini, shekara arba'in da 'yan kai ke nan cokalin gini na hannuna, kuma har yau in zan kafa turken farko a fili sai gabana ya faɗi. Tunda koyo kuka zo, ku zauna bisa bulon nan ku saurara. Yau babu mai taɓa cokali.

Aikin farko da aka sa ni, a wani gida cikin Ƙofar Atiku, kwaɓin ƙasa ne. Maigidana Baba Ladan maginin dauri ne, na tubali da azara. Shekara biyu cur ina taka kwaɓi da ƙafa, ina zuba ciyawa, ina jefa masa tubali yana bisa katanga yana cafewa, bai taɓa cewa in hau in ɗora ko guda ba. In kwaɓi ya yi ruwa ba ya ɓata bakinsa, dunƙulawa yake yi ya jefo mini a ƙirji. A wurinsa na san jar ƙasa sai ta kwana biyu ko uku a jiƙe kafin ta yi danƙo, na san wadda ke tsagewa in ta bushe da wadda ba ta tsagewa. Lokacin ina ganin wahalar banza ce, tunda siminti ya riga ya shigo gari, kowa bulo yake so. Shi ma Baban daga baya ya koma bulo, yana yi yana tsaki.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan cikin buhu. Cokali, zare, fulom mai nuna maka ko katanga ta miƙe, lebul mai ɗigon ruwa a ciki, sikwaya don kusurwa, tef, guduma. Kwanon sarki da shebur da diga na leburori ne. Duk wannan a mako guda za ku san sunayensu, har ku fara yi wa junanku burga. Abin da ya fi ɗaukar lokaci ba ya cikin buhu.

Baba Ladan ba ya kafa turke sai ya tara mutane. Ko ɗaki guda za a yi, sai an kira maƙwabcin gabas da na yamma sun tsaya, kowa ya nuna iyakarsa da ƙafarsa. Ya tambayi inda ruwa ke bi da damina, ya tambaya ko an taɓa yin rijiya ko masai a wurin. In babu maƙwabci, to ko mai kiwon awaki ya gani a wurin sai ya je ya gaishe shi ya yi masa tambaya. Mai gini ya yi ta ƙorafi ana ɓata masa rana, Baba ko a jikinsa.

"Takarda ba ta san wuri ba," haka yake ce mini. "Ka tambayi wanda ka ishe nan."

Masu ba mu aiki iri biyu ne. Akwai mai zuwa da zanen injiniya, tifa na sauke yashi, tirela na sauke siminti, wata shida ya tare. Irin wannan na yi musu aiki, ba laifi, suna biya. Amma yawancin aikina na ƙananan ma'aikata ne, malaman makaranta, masinjoji, teloli, masu keke. Su ba sa gina gida, tara shi suke yi. Bulo ashirin wannan wata, bandir ɗin kwano bayan shekara, ƙofa guda in an samu rarar wani abu. Irin wannan mutum in ka yi masa gini kamar na mai tirela ka cuce shi. Bayi za ka fara yi masa da ɗaki guda, ya samu ya fita daga haya. Sannan a ƙarshen katanga ka bar haƙora, wato bulo guda a ciki guda a waje, don ran da ya samu hali a ɗinke sabon ɗaki da tsohon ba tare da an fasa komai ba. Ku zaga bayan gari ku duba, za ku ga gidaje birjik da haƙora a waje, wasu har sun yi baƙi don daɗewa. Kowanne akwai mai shi yana jira.

Aikin Malama Rifkatu ya zo mini ne a shekarar da siminti ya yi tashin gwauron zabi. Mummunar shekara ce. Gini ya tsaya cak a garin nan, magina muna zaune gindin dogon yaro tun safe har azahar babu mai cewa ku taso, wasu suka jingine cokali suka koma kabu-kabu. Malamar firamare ce, mutuniyar Filato, Kirista, ta fi shekara ashirin tana koyarwa a Sakkwato. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu. Duk shekarun nan a haya take cikin Runjin Sambo, kuma ta ce mini sau biyar tana tashi. Kun san yadda ake yi, da ka gyara ɗaki ka sa masa siminti a ƙasa, sai mai gida ya turo a ce ɗansa zai yi aure. Wani wurin kuma kafin a nuna mata ɗaki sai an tambaye ta garinsu da inda take ibada, daga nan a ce ai jiya aka kama. Ba da kuka ta gaya mini ba, tana faɗa tana gyara tabarau, kamar mai kiran sunayen 'yan aji.

Fili ta samu a wani sabon awon gwamnati can bayan gari. Manya sun riga sun kwashe na bakin hanya, 'yan ragowar aka yi wa ƙananan ma'aikata ƙuri'a, sunanta ya fito. Amma takardar na da sharaɗi: in shekara biyu ta cika ba a fara gini ba, za a karɓe a ba wani. Ita kuwa shekara biyun nan bulo take tarawa a wurin mai buga bulo. Ran da ta ishe ni gindin dogon yaro saura mako biyar masu duba filaye su fito.

"Malam Altine, an ce kai ne mai yi wa marasa ƙarfi gini," ta ce. "Ɗaki biyu da falo nake so. Ɗaya nawa, ɗaya na 'yan matana. Sun girma, har yau labule ne tsakaninmu."

Na duba simintin da take da shi. Zai yi harsashi, zai yi linta, wato ƙarfen da kankaren da ake zubawa bisa ƙofa da taga, zai yi daɓen ƙasa. Na ɗora bulo kam babu. Sai na ce mata a zuba harsashi da siminti yadda ya kamata har ya fito bisa ƙasa, daga nan in ɗora mata bulo da jar ƙasa irin kwaɓin Baba Ladan, in ta samu hali a shafe da siminti ta waje.

"Zai tsaya?" ta ce.

"Malama, gidajen Ƙofar Atiku da me aka yi su? Ga jikoki can a ciki."

Leburorina biyu, Sani da Ɗanjumma, manyan mutane masu iyali, har da riƙe ciki don dariya, wai Altine ya koma zamanin jaki. Na ce su yi dariyarsu su ɗauko shebur.

Ranar kafa turke muka isa da sassafe. Wurin daji ne fetal, babu gini ko guda, sai kututturan karan gero na bara da wani babban gawo. Gindin gawon wani tsoho ne zaune da jakinsa, sunansa Arzika. Gonarsa ce aka yanka aka yi filayen, aka ba shi abin da aka ba shi, kuma tunda babu wanda ya zo gini, yana ci gaba da shukarsa duk damina. Na je na gaishe shi, muka shirya zai riƙa kawo mana ruwa a jarka bisa jaki daga wata rijiya. Iyakar maganar da na yi da shi ke nan.

Muka nemo duwatsun iyaka, irin guntayen turakun simintin nan masu lamba da masu awo ke binnewa, su suna ce musu bikon. Guda huɗu, kowanne a kusurwarsa. Malama ta buɗe takarda ta karanta lamba da ƙarfi, na durƙusa na share ƙasa na duba, daidai. Haka har huɗun. Ban manta da ƙa'idar Baba Ladan ba, kada ku ce mantuwa ce. Na tuna sarai. Cewa na yi a raina wannan ta cikin gari ce, ta awon igiya, inda iyaka ke bakin mutane. Nan kuwa awon gwamnati ne, ga dutse ga lamba ga takarda, wa zan tambaya, jaki? Ga kuma sauri, ga yunwar aiki ta wata da watanni. Na ja zare, na fitar da kusurwa da awon magina na ƙafa uku, huɗu, biyar, na kafa turaku. Malama ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta, mu ma muka yi bisimilla, Ɗanjumma ya sara diga.

Harsashin nan ban taɓa zuba irinsa ba. Na san simintin da hawaye aka tara shi, don haka ko cokali guda ban bari ya zube a banza ba. Na sa aka tona har sai da muka ishe ƙasa mai tauri, na wanke tsakuwa, na tsaya bisa kwaɓin da kaina. Bazara ce, zafin Sakkwato kun san shi, kankare in bai sha ruwa ba ƙonewa yake yi ya yi gari. Na gaya wa Malama haka sau ɗaya tak. Shi ke nan, kullum kafin ta tafi makaranta sai ta hau kabu-kabu ta zo, in an tashi ta sake dawowa, ta ɗauki bokiti da kanta tana bin harsashin tana shayar da shi lungu-lungu. Na ce ta bari Sani ya yi, ta ce Sani ba zai ba shi ya ƙoshi ba.

Cikin mako uku katanga ta kai saman taga, saura a zuba linta. Ran nan da hantsi sai ga wani saurayi bisa babur da taswira a naɗe da dogon tef. Ma'aikacin ofishin filaye ne, ya zo zagayen share fage kafin a fara duba na sosai. Da ya ga Malama sai ya sauka da sauri ya durƙusa har ƙasa. Ashe ɗalibinta ne, ta koyar da shi a aji uku. Nasiru sunansa, ɗan wani gidan malamai ne a Ƙofar Atiku. Suka gaisa, ta tambayi mahaifansa, ya yi mata murna. Sai ya buɗe taswira, na ga fuskarsa ta sauya. Ya tafi can bakin hanya inda babban dutsen awo yake, wanda ba ya ciruwa, ya jawo tef yana zuwa. Ya koma ya sake. Sau uku yana yi, gumi na zuba.

"Malama," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wannan ba filinki ba ne. Naki ga shi nan yamma, wanda ke jikinsa."

Muka juya muka duba. Kututturan kara ne kawai da kashin awaki.

Na ce masa, "Kai yaro, duba da kyau. Ga dutse ga lamba."

"Lambar daidai ce, Baba. Dutsen ne ba a wurinsa yake ba. Duk layin nan an gusa shi gabas da fili guda."

Arzika na sauke jarka a lokacin. Na ƙwala masa kira, ya taho yana jan ƙafa. Na ce, "Baba Arzika, duwatsun nan, ka san wanda ya taɓa su?"

"Awo, ni nic cire su," ya ce, ko gezau. "Garma suka karya min. Kowace damina ni kan tone su in jera bakin gona, in anka yi girbi in maishe su. Ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa haɗa su ba."

"To daga ina ka fara mayarwa?"

"Daga gawo."

Nasiru ya dafe kai. Layin ba daga gawo ya fara ba, daga bayansa ya fara da fili guda. Garma ta shafe ramukan, tsoho ya auna da taki, takinsa kuwa daidai, mafarin ne kawai ya kuskure.

Na fusata na ce, "Haba Baba! Mako uku kana kallo muna gini ba ka ce komai ba?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi zan ce? Ni na san ba nan ne ba? Kullum ina nan gabanka, Magini. Ruwa kaɗai kaka tambayata."

Wallahi kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don gaskiya ya faɗa. Da ran farko na ce masa, Baba, duwatsun nan tun da aka kafa su suna nan? Da ya ce mini yana cire su, da na aika an kira mai awo, da magana ta ƙare a rana guda.

Malama ta zauna bisa bulo ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Ta ce, "Nasiru, in ka zo duba me za ka rubuta?"

"Abin da na gani, Malama. Kin san ba zan iya rubuta wanda ban gani ba."

"Na sani. Ban ce ka yi ba."

Ya naɗe tef ɗinsa. Can ya ce ranar Litinin za a fara, awon kuwa babba ne, kuma shi ke zaɓar inda zai faro. Zai faro daga can ƙarshen arewa, ba zai iso layin nan ba sai kwana na goma. In ya ishe gini ya kai taga a filinta, gini ne, zai rubuta gini. Ya ce kuma ta gwada neman mai wannan filin, in ya yarda su yi musaya a rubuce, shi ke nan an huta.

Mai filin wani Alhaji ne da ke zaune Abuja, ban taɓa ganinsa ba har yau. Filayensa a awon nan sun fi a ƙirga da hannu guda, ko ɗaya bai taɓa takawa ba. Ta wurin dillalinsa aka same shi a waya. Washegari dillali ya zo da amsa yana murmushi: Alhaji ya ce babu musaya, nasa ya fi kusa da hanya. A kwashe bulo, ya yafe shigar masa fili da aka yi. Amma kada a tona masa ƙasa. Ko bai faɗa ba, wa ya taɓa ɗaukar harsashi? Abin da aka zuba ya zubu.

Na je gaban Malama zan fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga mini hannu.

"Malam Altine, ba ni da lokacin faɗa da kai. In na rasa filin nan, ni da gida sai a lahira, ritaya ta kusa. Gaya mini abu guda. Me za a iya cirewa?"

Na dubi katangar. Sai a lokacin na tuna da me na ɗora ta.

"Duk abin da ke bisa ƙasa, Malama. Da ƙasa na ɗora shi."

Ku da kuke raina kwaɓin ƙasa, ku buɗe kunne. Bulon da aka ɗora da siminti ba ya rabuwa da ɗan'uwansa sai da guduma, in ka samu rabi da rai ka gode Allah. Wanda aka ɗora da jar ƙasa kuwa, ruwa za ka yayyafa a gaɓar, ka ba shi ɗan lokaci, ka zura cokali ka ɗaga, ya taso lafiya lau kamar yau aka buga shi. Ka kankare ƙasar ka mayar cikin kwaɓi, ita ma ba ta mutu ba. Sani da Ɗanjumma masu dariya, ran nan ban ga haƙoran kowa ba.

Na koma gindin dogon yaro na gaya wa 'yan'uwana magina abin da na aikata, ban ɓoye ba. Suka yi mini tsiya son ransu, har yau wasu in sun gan ni sai su ce ina mai ginin sadaka. Amma huɗu suka tashi suka ɗauki cokulansu. Gayya muka yi irin ta gona, babu lada sai abinci, Malama da 'yan matanta na dafowa daga Runjin Sambo. Arzika ya ce ruwa kyauta ne har a gama, ya kuma kawo 'ya'yansa biyu magidanta suka kama diga. Su ma, in kuna son sani, ko taki guda ba su samu ba a cikin gonar ubansu, haya suke yi.

Kafin a sara diga na sa Nasiru ya dawo ya kafa duwatsun da hannunsa. Na tsayar da Arzika, na tsayar da dillali, na tsayar da magina huɗu, kowa ya gani. Na tambayi tsoho inda ruwa ke bi, ya nuna mini wata 'yar kwari ta kudu da ban lura da ita ba, na ɗaga harsashin wajen da bulo guda.

Siminti shi ne matsala. Na linta da na daɓe muka juye cikin sabon harsashi, na sayar da ragon da nake kiwo don layya na ƙara a kai, tunda ɓarnar tawa ce. Duk da haka bai kai ɗaki biyu da falo ba. Na auna ta kowace fuska, na rage nan na rage can, bai kai ba. Na ce mata ɗaki ɗaya da falo da bayi, iyakarsa ke nan, sai dai in zuba mata na ƙarya wanda zai tsage bayan damina biyu.

"Zuba na gaskiya," ta ce. "Ka bar mini haƙoran nan naku."

Kwana biyu tono, rana guda zubi. Kankare na son mako guda kafin a ɗora masa nauyi, kwana uku na ba shi, ina ɗorawa ina jin tsoro. Mutum biyu na sauke bulo a gabas, leburori na jigila a ka, mu uku muna ɗorawa a yamma. Tsakanin tsohon gini da sabo taki ashirin ne bai cika ba. Cikin bulon nan duka, waɗanda suka fashe ba su cika baro guda ba. Ran kwana na tara da la'asar muka kai saman taga.

Nasiru ya iso ran na goma kamar yadda ya ce, shi da wani abokin aikinsa. Ya gaida Malama, ya duba dutse, ya auna, ya rubuta. Fili ya tsira. Daga nan ya taka zuwa na gabas, ya hau bisa tsohon harsashin ya tsaya. Ga shi nan shimfiɗe tsaf, ɗaki biyu da falo, an share bulo an bar shi fes. Ya daɗe yana kallo kafin ya sa biro.

Na ce, "Me ka rubuta?"

Bai dube ni ba. "Abin da na gani, Baba. An fara gini."

Sauran filayen layin da babu ko bulo guda, wasu an karɓe, wasu masu su sun san ƙofar da za su bi. Shi Alhajin Abuja bai ma buƙaci bin wata ƙofa ba. Simintin malamar firamare ya tsare masa fili.

Sai bayan shekara guda da rabi ta samu ta yi rufi ta tare. 'Yan matan a falo suka ci gaba da kwana har aka aurar da su ɗaya bayan ɗaya. Haƙoran da na bari suna nan ta gefen kudu, sun yi baƙi. Yanzu unguwar ta cika, an kai wuta, masu keke na shiga, gawon ma an sare. Amma filin gabas na nan yadda yake. Sau uku ana sayar da shi, kowane mai saye ajiyewa yake yi ya jira ya ƙara tsada. Kuma kowane dillali da abin da yake tallarsa da shi: fili da harsashin ɗaki biyu da falo, aikin Altine Magini.

Don haka gobe in Allah ya kai mu, akwai filin da za mu buɗe wa wani tela. Ba za ku ɗauki zare ba, ba za ku ɗauki tef ba. Za ku zaga ku nemo duk wanda kuka ishe a wurin, ko mai tallar rake ne, ku gaishe shi ku kawo mini shi. Kai mai jar hula, kai za ka yi tambayar, ina tsaye ina ji.

Bara wanda ya saya na ukun ya aiko a ɗauke ni a mota, wai in duba masa ko harsashin na da sauran ƙarfi, tunda an ce ni na zuba. Na je. Muka ishe an shimfiɗa tabarmi biyu a kai an shanya kuɓewa, daidai inda ɗakin 'yan mata zai kasance. Na ɗora lebul ta kowace kusurwa, ɗigon ruwan na tsakiya. Na bi shi da guduma ina ƙwanƙwasawa, na tona gefe na duba. Shekara goma sha biyar rana da ruwa na dukansa, ko tsagar gashi babu.

Muna cikin haka Malama ta fito daga gidanta. Ta yi ritaya, kai ya yi fari, tana dogara sanda. Mai filin ya dube ta ya dubi shanyar.

"Mama, naki ne wannan? A riƙa kwashewa don Allah, wurin yana da mai shi."

"To, Alhaji," ta ce.

Ta jingine sanda ta sunkuya tana tattara kuɓewar. Na ajiye guduma na kama mata bakin tabarma guda, muka ɗauka tare muka nufi ƙofarta. Sai da muka sauke a tsakar gida ta dube ni ta saman tabarau.

"Bai tsage ba ko, Malam Altine?"

"Bai tsage ba, Malama."

Ta gyaɗa kai.

"Ai na ba shi ruwa sosai," ta ce.